Ƙamshin Sallah a Ƙasar Karaye da Rogo

Sallah ba ta da yanayi nata na kanta. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, saboda haka Idi yakan zagaye rani da damina baki ɗaya cikin kimanin shekara 33. A 2000 Ƙaramar Sallah ta zo sau biyu, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba, cikin sanyi da hazo. A 2012 ta faɗo a Agusta, masara ta yi goyo. A 2025 kuwa ƙarshen Maris ta zo, ana tsakiyar zafin bazara. Manomin Rogo yakan gane lokacin shuka da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ya gane rani ya kama idan ya jiyo ana dafa ruwan rake ana yin mazarƙwaila. Sallah kam iska ba ta sanar da zuwanta. Mutane ne ke haɗa mata yanayi da hannunsu, kuma mafi yawan wannan aiki ta hanci yake shiga.

Karaye da Rogo, waɗanda wata doka ta 2024 ta haɗa a ƙarƙashin Masarautar Karaye, ƙasa ce ta noma a yammacin jihar Kano. Rogo ta yi iyaka da Kaduna da Katsina, Karaye kuma a nan madatsar ruwan Challawa take. 'Ya'yan yankin da yawa suna can Kano da Zariya da Abuja da Legas wajen neman na kai, Sallah ce ke maido da su. Gari yana canzawa, gidan ƙasa ya koma na siminti, tsofaffi su kau. Abin da ke tarbar mai dawowa yadda ya bar shi, tun daga zaure, shi ne ƙamshin gidansu.

Wannan ƙamshi yana da tsari, kowane da lokacinsa. Tun goman ƙarshe na azumi ake fara jin na sabuwar shadda a shagon tela, haɗe da na dutsen guga mai gawayi. Sai na lalle da 'yan mata suka kwaɓa. Ranar jajibere mai ya hau wuta, ana suyar cincin da kaji har dare ya raba. Kafin asuba an ɗora tukunyar tuwo, miyar taushe tana tafasa da kabewa da gyaɗa da daddawa, sannan a soya man shanu da albasa, wanda ko daga bayan katanga aka jiyo shi an san gidan nan sun kusa saukewa. Mutumin da ya yi wata guda yana wucewa ta gaban madafi da rana bakinsa a rufe, yau an halatta masa abin da yake jin ƙamshinsa. Shi ya sa miyar taushen Sallah ta fi ta sauran ranaku zama a rai, ko da kayan haɗin duk ɗaya ne.

Turare kuma addini ne ya shimfiɗa masa hanya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda almajiran ƙasar Hausa suka tashi da karatunsa, ya lissafa sa turare da kyakkyawar tufa cikin abubuwan da ake so ranar Idi. Malamai kuma sun hana mace ta fita cikin maza tana ƙamshi. Daga nan turaren ya rabu biyu. Na maza na fita ne: 'yar kwalba a aljihu, a shafa a gemu da wuyan riga, a miƙa wa na kusa a sahu shi ma ya shafa. Dattawa da yawa har yau idan aka ce turaren Idi, Binta Sudan ke faɗo musu a rai, wato Bint El Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Ingila ya fara haɗawa a 1920. Na mai ne, ba giya a cikinsa, dalilin da ya sa ya karɓu a hannun masu salla ke nan.

Na mata kuwa na cikin ɗaki ne, kuma shi ya fi cin aiki. Ana jiƙa icen sandal ko makamancinsa da turarukan mai, a haɗa da sukari a kan wuta, a ƙara farce da kajiji, a zuba a kwalba a rufe ya yi kwanaki yana tsumuwa. Daren Sallah uwargida za ta ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa ɗan kaɗan, ta kifa kwando a kai, ta shimfiɗa kayan Sallar yara ɗaya bayan ɗaya, tana juya su har hayaƙin ya ratsa zare. Da safe yaro ya zura riga ya fita da ƙamshin ɗakin mahaifiyarsa a jikinsa. Humra da yawancin dabarun turaren wuta daga matan Barno, Barebari da Shuwa, suka yaɗu zuwa ƙasar Kano, amma kowane gida ya mai da su nasa. Mace takan gaji haɗin daga uwarta, ta ƙara wani abu, ta rage wani, har a riƙa gane ɗakinta ido rufe.

Babbar Sallah tata hanyar daban ce, domin ita ba duka ke da daɗin shaƙa ba. Akwai warin garke na ragon da aka ɗaure a tsakar gida, da ƙarnin jini da na tumbi ranar yanka, da ƙaurin babbaka idan aka sa kai da ƙafa a wuta. A al'adar ƙasar Kano ranar farko kayan ciki ake soyawa, a rataye naman ya kwana ya tsane, washegari a yanyanka a hau suya da citta da kanumfari da masoro. Wasu gidajen sukan busar da jelar ragon su adana har daren Cika-ciki, 10 ga Muharram, wata guda bayan layya, a sa ta a miya. Ta haka ƙamshin shekarar da ta wuce yake tsallakawa cikin sabuwa. Wanda ya girma a nan ba ya ware mai daɗi da marar daɗi. Ƙaurin babbaka kaɗai ya isa ya tuno masa mahaifinsa riƙe da wuƙa yana bismilla.

Masana sun bayyana dalilin wannan ƙarfi. Saƙon ido da na kunne sukan biya ta wata tashar tsakiya a ƙwaƙwalwa kafin a rarraba su, amma saƙon hanci kai tsaye yake isa sassan da ke kula da motsin zuciya da ajiyar tunani. Linda Buck da Richard Axel sun sami lambar Nobel a 2004 saboda gano yadda hanci ke tantance ƙamshi, inda ɗan Adam ke da na'urorin karɓa kusan iri 400. Wani bincike da Johan Willander da Maria Larsson suka wallafa a 2006 a kan dattawa a Suwidin ya nuna tunanin da ƙamshi ke tasowa ya fi fitowa daga shekaru goma na farkon rayuwa. Shekarun yawon Sallah ke nan, shekarun da yaro ke ɗaukar kwano daga gida zuwa gida.

Wannan kwanon shi ne ke mai da ƙamshi ya zama haƙƙi. Abinci ana iya rufe shi, ƙamshi kuwa ba a yi masa shinge. Idan kasko ya ɗauki zafi a gidan da aka yi layya, gidan da ba a yi ba sun sani, 'ya'yansu ma sun sani. Shi ya sa ba a jira a roƙa. Yarinya ta shigo da sallama ta durƙusa: "Wai in ji Inna, barka da Sallah, ga wannan ba yawa." A amsa mata: "Madalla, ki ce an gode, Allah ya maimaita mana." Da wannan aka kare mutuncin maƙwabci, aka kuma sa yaron da babansa bai samu halin yanka ba ya tashi da ƙamshin layya a matsayin abin murna, ba abin takaici ba.

Yau abubuwa suna sauyawa. Dunƙulen ɗanɗano ya ture daddawa a gidaje da yawa, firji ya rage tilascin suyar kwana biyu, turaren feshi iri ɗaya ya cika kasuwa daga Kano har Dubai. Wasu sauye-sauyen alheri ne: matan da suka huta da hayaƙin itace sun samu lafiyar ido da ƙirji, sana'ar turaren wuta kuma tana ciyar da gidaje ta hanyar WhatsApp. Abin tsoro shi ne naman da ya shiga firji ba ya kiran kowa, kuma yarinyar da aka saya wa komai a kwalba ba ta san haɗin kakarta ba. Wannan ilimi ba a littafi yake ba, a hannun matan da suka manyanta yake. Iyaye su zaunar da 'ya'yansu kusa da kasko da tukunya ranar jajibere, su nuna musu awo da lokacin saukewa, sannan su ɗora musu kwano su aike su gidan maƙwabta tun naman bai huce ba.