Kallon Gini Daga Madina: Tsokaci a Kan Darussan Tarihin Zane da Gine-gine na Intanet

Gabatarwa

Daga kasuwar Madina zuwa ƙofar Jami'ar Gana da ke Legon tafiya ce 'yar kaɗan a trotro, wato ƙaramar motar haya ta birnin Akra. Tun 1948 wannan jami'a take da sashen koyar da manya waɗanda aiki ko iyali suka hana su zaman aji. A yau an sami wani nau'in ilimin manya wanda bai bi ta ƙofar Legon ba, domin ta wayar hannu yake shigowa. Wannan takarda za ta dubi ɓangare ɗaya na wannan ilimi, wato darussan tarihin zane da gine-gine, ta kuma yi tambaya guda: baligin da ke zaune a Madina ko Nima ko Mamobi, idan ya sayi data ya bi waɗannan darussa, me zai samu, me kuma zai rasa?

Darussa uku aka ɗauka. Na farko shi ne Smarthistory, wanda Beth Harris da Steven Zucker suka fara a Amurka a 2005, suka haɗa shi da Khan Academy a 2011. Na biyu shi ne A Global History of Architecture na Mark Jarzombek, wanda jami'ar MIT ta ɗora a dandalin edX a 2013. Na uku shi ne The Architectural Imagination na jami'ar Harvard, a ƙarƙashin K. Michael Hays, wanda aka buɗe a 2017. Dukkansu da Turanci suke.

Abin da suka iya

Yawancin mutane wuce gini suke yi, ba kallonsa ba. Babbar fa'idar waɗannan darussa ita ce suna koya wa mutum ya tsaya ya tambaya: da me aka gina wannan, a ina nauyin rufin ya sauka, ta ina haske yake shiga, wa ya biya kuɗin, wa aka yi ƙofar dominsa? Smarthistory ya fi sauran biyun gwanintar wannan. Tsarinsa hira ce: mutum biyu suna tsaye gaban hoto ko gini suna tattaunawa na 'yan mintoci, mai kallo yana jin muryarsu yana bin abin da ido. Wanda ya saba ɗaukar karatu da kunne a gaban malami ba zai ji baƙunta ba. Birkila ko kafinta ko mai walda kuwa, sau da yawa zai riga ɗalibin jami'a gane abin da ake nufi, tunda hannunsa ya san nauyi kafin a gaya masa sunansa.

Jarzombek ma ya cancanci yabo. Bai jera tarihi daga Girka zuwa Rum zuwa Faransa ba kamar yadda tsofaffin littattafai suka saba. Yakan ɗauki zamani ɗaya ya duba abin da ake ginawa a sassan duniya daban-daban a lokacin, ya kuma bi hanyoyin fatauci da suka haɗa su. Jikan fataken goro ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan.

Masallacin Kanda da gidan kaka

Matsalar tana bayyana ne idan ɗalibin ya ajiye waya ya fita waje. A ɗauki misalin Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, dab da Nima, wanda wata gidauniyar Turkiyya ta ɗauki nauyin gininsa, aka buɗe shi a 2021. (Abin dariya, tsofaffin fataken Hausa Ankara suke ce wa Akra, tun kafin Turkawa su zo su yi gini a cikinta.) Wanda ya kalli darussan Smarthistory a kan Hagia Sophia da masallatan da Sinan ya gina wa sarakunan Turkawa a ƙarni na 16 zai karanta wannan masallaci kamar littafi. Zai gane babbar ƙubba da ƙananan da ke tallafe da ita, zai gane siraran hasumiyoyin nan huɗu, zai san cewa daga Santambul aka ɗauko samfurin.

To, bari wannan ɗalibi ya koma gidan da kakansa ya gina a Nima ko Madina. A nan karatun ya tsaya cik. Ba shi da kalma ko ɗaya daga darussan da zai bayyana abin da ke gabansa: jerin ɗakuna ciki ɗai-ɗai masu buɗewa cikin tsakar gida, bulo da kwano, baranda inda ake girki, ɗakin gaba da ya koma shago, ɗan masallaci a jikin katanga, lungun da mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkace. Abin da darussan suka nuna masa, ba tare da sun faɗa ba, shi ne cewa gini mai tarihi sai wanda yake da sunan mai tsara shi, da shekarar kammala shi, da fuskar da kyamara za ta ɗauka. Gidan zango ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Ba a kammala shi. Ana ƙara ɗaki ne idan baƙo ya zo ko ɗa ya yi aure. Haɗarin shi ne ɗalibin ya fito da ilimin da zai sa ya raina gidansu da hujja.

Alhali kuwa tarihi yana nan jibge. Nima ta samo asali ne daga filin da Malam Amadu Futa ya samu a hannun mutanen Ga a farkon shekarun 1930. Madina ta kafu a 1959 a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Seidu Kardo, bayan an tashi mutanensa daga wurin da suke zaune. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su bar ƙasar, gidaje da dama suka sauya hannu cikin gaggawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar alama a yadda aka yanka filaye da yadda aka raba ɗakuna. Deborah Pellow ta nuna cewa ana iya nazarin irin wannan a littafinta Landlords and Lodgers na 2002, wanda ta rubuta a kan Sabon Zongo, unguwar da Malam Bako ya kafa a Akra a farkon ƙarni na 20. Ta shiga gidaje ta zana taswirarsu, ta nuna cewa dangantakar mai gida da baƙonsa ita ce ta tsara unguwar. Fasahar gidan zango a rabon fili take: wa ke kwana kusa da ƙofa, ina mata suke, ina baƙo zai tsaya ya yi sallama. Aikin da zaure yake yi a Kano ko Katsina, a nan sau da yawa benci ne a bakin hanya yake yin sa. Hoto ba ya kama wannan, darussan kuwa a kan hoto aka gina su.

Afirka ta ginin ƙasa

Ba a ce darussan sun manta da Afirka ta Yamma ba. A Smarthistory akwai bayani a kan masallacin Jenne na Mali, da kujerar zinariya ta Asante, da aikin El Anatsui. Sai dai idan aka zo ginin Musulmin wannan yanki, ginin ƙasa ne kawai yake samun shiga, kamar dai ranar da aka fara sayen siminti tarihi ya ƙare. Shi kansa masallacin Jenne da ake nunawa a 1907 aka gina shi, wato bai girmi Sabon Zongo da yawa ba.

Ko a ginin ƙasar ma akwai giɓi. Ɗalibin Madina ya fi bukatar labarin masallacin Larabanga na arewacin Gana, wanda aka shafe shi da siminti a shekarun 1970 da niyyar kare shi, simintin ya riƙe danshi ya lalata ginin, har sai da aka kankare shi aka mayar da yaɓen ƙasa a gyaran da aka yi bayan 2002. Wannan darasi ne da kowane birkila zai amfana da shi. Haka nan masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, ya isa ya rushe zaton cewa maginan Hausa ba su da suna. Labelle Prussin, wadda ta yi aiki a Gana, ta rubuta a kan gine-ginen arewacin ƙasar tun 1969, J. C. Moughtin kuma ya fitar da Hausa Architecture a 1985. Kayan aikin suna nan, ba a dai ɗora su a kan waya ba.

Daga nan sai batun harshe, wanda ya fi shafar wannan sashe. Ɗalibin zai haddace sunayen ginshiƙan Girka uku da Turanci, amma ba mai gaya masa cewa Hausa tana da tubali da azara da makuba, da zanko da indararo, da bakan gizo da ɗaurin guga. Waɗannan kalmomin sana'a ne cikakku, kowace da ma'anarta. Tunda ba a irin wannan gini a Akra, yaron da ya tashi da Hausar zango ba shi da inda zai ji su. Malamin Hausa da ya haɗa hoton cikin masallacin Zariya da waɗannan kalmomi ya koyar da harshe da tarihi a zama ɗaya.

Darasin Harvard shi ne ya fi nisa da Madina, domin kusan duk misalansa na Turai ne, Turancinsa kuma na masu falsafa ne. Amma a cikinsa ne ake samun makamin da ya fi dacewa da zango. Akwai kashi guda a kan Aldo Rossi, ɗan Italiya, wanda ya ce a dubi nau'in gini da ke maimaituwa a gari yana ɗauke da tunawar mutanensa, ko da amfaninsa ya sauya. Gidan haya mai tsakar gida nau'i ne irin wannan. Ajin manya a Madina zai iya kallon wannan kashi da dare, washegari kowa ya ɗauki igiyar awo da takarda ya zana gidan da yake ciki, ya tambayi tsohuwar gidan wane ɗaki aka fara ginawa, wa ya fara kwana a cikinsa, daga wane gari ya zo.