Daga Amshi Zuwa Kaɗaici: Sauyin Zubin Waƙar Hausa a Kunnen Manomin Kadawa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, da zarar ya kusanci Kura zai ga ƙasa ta sauya launi. Inda ya sa ran ganin kara da busasshiyar ciyawa, sai ya iske shinkafa kore shar, ga alkama, ga tumatir, ruwa kuma na bin kanal daga gona zuwa gona. Ruwan nan daga madatsar Tiga yake, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, kuma shi ne jinin shirin noman rani da ya ratsa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Idan matafiyin ya sauka ya kasa kunne, sauti biyu zai ji: ƙugin injin ban ruwa, da wata siririyar murya da ke fitowa daga aljihun saurayi mai dashen shinkafa, tana rera begen masoyiya a kan kiɗan fiyano.

Dattawan yankin sukan ce a da gangar noma ce ke tashi a gona, yanzu kuwa sai “nanaye”. Suna faɗin haka ne da takaici, kamar masu ba da labarin rasuwa. Wannan maƙala tana son ta auna takaicin nasu da ma'aunin nazari. Ra'ayinta shi ne, babban abin da waƙar Hausa ta rasa a wannan sauyi yana cikin zubi ne, wato amshi, wanda shi ne muryar jama'a a cikin waƙa. Ta kuma rasa shi ne saboda yadda ake aiki da yadda ake biyan mawaƙi sun sauya.

Ginin waƙar ƙungiya

Mafi yawan makaɗan noma na karkara sun tafi ba a naɗi muryarsu ba. Wanda ke son jin irin ginin da suka gada sai ya koma ga Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Ɗanƙwairo mutumin ƙasar Zamfara ne, amma rediyo da kaset sun kai muryarsa kowane lungu na ƙasar Kano, kuma a kiɗan noma ya buɗe ido wurin mahaifinsa kafin gidansu ya shahara da kiɗan fada.

A waƙar Ɗanƙwairo, jagora ba ya cika magana shi kaɗai. Yakan jefa rabin saɗara, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai faɗa ba, wani lokaci su rabu biyu suna miƙa wa juna zance, sannan duka su haɗu a gindin waƙa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ba waɗannan dabaru sunaye a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, irin su ƙari da karɓeɓeniya. Su kansu kotsannin magana suke yi, domin makaɗi na matsa tsarkiya ya ɗaga sauti ko ya sauke shi daidai da karin harshe. Saboda haka mai sauraro yana bin zare uku a lokaci guda: na jagora, na 'yan amshi, da na kiɗa.

Wannan zubi yana ba waƙa damar tsawo ba tare da gundura ba. Kowane ɗa yana da nasa aiki: wannan ya kawo asalin wanda ake wa waƙa, wancan ya yi zuga, na gaba ya yi zambo ga abokin hamayya, wani ya saka karin magana. Gindin waƙa shi ne gida, ɗiya kuwa tafiye-tafiye ne da ake fita a dawo. Haka Narambaɗa ya gina waƙoƙinsa a fadar Isa, haka kuma Mamman Shata, ko da yake amshinsa ya fi sauƙi, ya riƙa shimfiɗa ɗiya a kan gindi ɗaya har waƙa ta yi nisa.

Irin wannan gini yana da tsada. Yana bukatar mutane da yawa da suka shekara tare har kowa ya san numfashin kowa, yana kuma bukatar ubangida mai ciyar da su: sarki, ko attajiri, ko sarkin noman da ya tara gayya. A gonar gayya ma siffar aiki da siffar waƙa ɗaya ce. Samari sun jeru, kowa da kunyarsa, garma na sauka tare da bugun ganga, makaɗi na kiran sunan wanda ya yi gaba yana zolayar wanda ya sare. Aikin taro ne, waƙarsa ma ta taro ce.

Zuwan fiyano

Kunnen Bahaushe ya daɗe da sabawa da waƙar soyayya ta allo. Tun shekarun 1960 gidajen sinima na Kano ke nuna finafinan Indiya, inda saurayi da budurwa ke amsa wa juna cikin waƙa. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kunno kai da Turmin Danya a 1990, ba a jima ba suka ɗauki wannan salo, fim ɗin Sangaya kuma ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani mai yawa kan rawar da fiyanon Yamaha ya taka a ɗakunan naɗar sauti na Kano a wannan lokaci. Na'ura ɗaya tana kwaikwayon ganga da sarewa da goge, mutum ɗaya na danna ta, aikin da a da sai mutum goma. Shata ya rasu a 1999, daidai lokacin da wannan sabon sauti ke cika kasuwa, har ya zama kamar an rufe wani babi ne aka buɗe wani.

Fiyano ya rage tsada, amma ya zo da sharaɗinsa. Ana fara shirya kiɗa ne a ajiye, mawaƙi ya zo ya ɗora murya a kai. Kiɗan da aka riga aka ɗaure ba ya jiran mawaƙi, ba ya amsa masa, ba ya bin karin kalmarsa yadda kotso ko kalangu ke yi. Amshi kuma ya koma saɗara biyu ko huɗu da ake naɗa sau ɗaya a riƙa maimaitawa, sau da yawa da muryar mawaƙin kansa. Wanda a da yake da abokan zance a cikin waƙa, yanzu kansa yake amsa wa.

Gonar da ta sauya

Da a ce na'ura ce kaɗai ta kawo sauyin, da manomi ya ci gaba da sauraron tsohon kiɗa a sabuwar waya. Amma gonar ma ta sauya. Noman rani a Kadawa noman kuɗi ne: akwai kuɗin ruwa, da taki, da iri, da mai na inji, da hayar fili. Lokaci kuma ba ya jira, domin tumatir da ya nuna sai an kai shi Kwanar Gafan kafin ya lalace a kwando. A irin wannan noma, gayya ta ja baya, ƙwadago da jinga suka maye gurbinta. Mai gona ba ya bukatar makaɗin da zai zuga ma'aikata, tunda lada ce ke zuga su. Saurayin da ya karɓi jingar dashe yana duƙe shi kaɗai a cikin ruwa, ko cikin mutanen da bai sani ba, waɗanda suka zo cin rani daga wasu garuruwa.

Me irin wannan saurayi zai yi da kirarin sarkin noma? Abin da ke ransa shi ne kuɗin lefe da yake tarawa, da yarinyar da yake tsoron wani mai hali zai riga shi. Waƙar Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker da shi take magana kai tsaye, a kunnensa, cikin minti biyar. Shi ne kuma sabon ubangida, shi da dubban irinsa, ta hanyar 'yan kuɗin da suke biya a tura musu waƙa a waya, da bukukuwan da ake gayyatar mawaƙa. Sarki ɗaya yana iya zama ya saurari tarihin kakanninsa na tsawon sa'a, amma taron iyayen gida da ba su san juna ba abin da ya haɗa su kaɗai za a rera musu, kuma ba abin da ya haɗa matasa kamar so.

Ba Hausawa kaɗai ba

Wannan juyi ya faru a wasu ƙasashe, kuma duba shi a can yana taimaka mana mu rage ɗora wa 'ya'yanmu laifi. A Italiya, a farkon shekarun 1970, ƙungiyoyin matasa sun yi tashen wani kiɗa mai sarƙaƙiya da ke kwaikwayon tsarin manyan ƙungiyoyin kiɗan gargajiyar Turai, waƙa ɗaya ta ƙunshi sassa da dama, ta haura minti goma. Wata ƙungiya ta birnin Genoa mai suna J.E.T. ta fitar da faifai irin wannan a 1972. A 1975 uku daga cikin mambobinta suka haɗu da mawaƙiya Antonella Ruggiero suka kafa Matia Bazar, suka koma gajerun waƙoƙi masu taushi, kuma a 1978 suka lashe gasar waƙa ta Sanremo. Mutanen dai su ne, gwanintarsu ba ta ragu ba. Masu saye da gidajen rediyo ne suka nuna abin da suke so. Bambancin shi ne, a can mutum ɗaya ya yi zamani biyu, a nan kuwa sauyin ya faɗo tsakanin uba da ɗa, shi ya sa ya fi kama da rabuwa.

Riba da hasara

Adalci ya wajabta a faɗi abin da sabuwar waƙa ta kawo. So ba baƙo ba ne a adabin Hausa, domin 'yan mata sun daɗe suna rera shi a dandali. Amma a manyan waƙoƙin fada da na noma, mutum yana bayyana ne ta fuskar matsayinsa: ɗan wane, jikan wane, mai gona kaza. Waƙar soyayya ta ba talaka damar cewa “ni”, ya faɗi rauninsa ba tare da kunya ba. Ta kuma ba mace murya daidai da ta namiji, tana tambaya, tana ƙi, tana gindaya sharaɗi. Wannan ci gaba ne na muhawarar da littattafan soyayya irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka tayar game da 'yancin zaɓen abokin zama. Ta fuskar ƙafiya ma, gwanayen cikinsu sun fi kusa da rubutacciyar waƙa, domin suna riƙe amsa-amon ciki da na waje da tsantseni fiye da yadda makaɗan baka suka damu su yi.

Hasarar kuwa a gini take. Ɗauki waƙoƙin soyayya goma daga wayar wani mai dashe, za ka tarar a mafi yawansu ana iya musanya baiti na biyu da na huɗu ba tare da an rasa komai ba, har ma a ɗauke baiti daga wannan waƙa a dasa a waccan. Zuciya, hawaye, rashin barci da alkawari su ne kayan ginin, ana ta jujjuya su. Waƙar ba ta tafiya ko'ina, inda ta fara nan take ƙarewa. Masoyiyar ba ta da gari, ba ta da sana'a, ba ta da wata ɗabi'a da ta bambanta ta da ta waƙar gaba. Ɗanƙwairo kuwa in ya yabi mutum, sai ka san garinsu da kogin da ke kusa da shi da wanda yake gaba da shi. Abin mamaki ne a ce waƙar da aka yi domin mutum ɗaya ta fi ta taro rashin fuska.

Kada kuma a ɗora wa fiyano dukkan laifin. Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, da fiyanon yake aiki, amma waƙoƙinsa suna da turke mai tafiya daga mataki zuwa mataki, da kalmomin da ke sa ɗalibi buɗe ƙamus. Wannan ya nuna na'urar tana ɗaukar nauyi idan an ɗora mata. Gaggawar kasuwa ce ke hana a ɗora.

Kammalawa

Gayya ba za ta dawo Kadawa don mawaƙa su ji daɗi ba, kuma ba wanda zai ce wa saurayin da ke cikin taɓo ya daina sauraron abin da ke sanyaya masa rai. Abin da mai nazari zai nema ya fi wannan sauƙi. A cikin waƙar soyayya akwai sauran amshi da bai mutu ba, wato musayar baiti tsakanin namiji da mace. A yau sau da yawa kowannensu yabo kawai yake jerawa, ba ya sauraron ɗan'uwansa. Ranar da mawaƙi ya bar muryar mace ta katse shi, ta ƙarasa masa saɗara, ta yi ƙari da abin da bai so a faɗa ba, kamar yadda 'yan amshin Ɗanƙwairo ke yi, ranar ce waƙar za ta fara tafiya. Ranar da kuma ya ba masoyinsa gonar haya a Bunkure, da bashin taki, da kwandon tumatir da ya faɗi a kasuwa ana saura wata ɗaya biki, saurayin da ke dashe zai ɗago kai, domin a karon farko zai ji an ambaci shi kansa.