Tsangwama Biyu a Cikin Shaihu Umar

Littafin Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta aka buga a Zariya a 1934, an fi karanta shi a kan labarin haƙuri da ƙaddara. Amma wanda ya duba da kyau zai ga tsangwama iri biyu a ciki: ɗaya mawallafi ya bayyana ta sarai, ɗaya kuwa ya wuce ta bai tanka ba.

Ta fari ita ce wadda aka yi wa Makau. Sabo da Sarkin Kagara ya fifita shi, sai fadawa suka yi masa hassada, suka ƙulla masa sharri cewa ya ɓoye waɗansu bayin da ya kamo a hari, aka kore shi daga gari. A nan gwanintar mawallafi ta ke, gama ya nuna sharri ba ya tsayawa kan wanda aka ƙulla wa. Makau ya sami wurin zama a Maƙarfi. Yaro Umar shi aka sace, uwarsa kuwa garin nemansa ta faɗa bauta, ta ƙetare Sahara, ba su sadu ba sai ajalinta ya kusa. Watau mafi rauni a gida shi ya ɗauki mafi nauyin kaya.

Ta biyu ita ce ta mutanen da aka kai wa harin a ƙasar Gwari. Ba a faɗi sunan ko ɗayansu ba, ba a ji muryarsu ba, lissafa su kaɗai aka yi kamar awaki. Mai karatu ya kan ji tausayin Makau, ya manta shi ma uwayen waɗansu ya raba da 'ya'yansu.

Wannan ya shafi malamai ƙwarai. Kaduna, wadda ta zama hedkwatar Arewa a 1917, a ƙasar mutanen nan aka kafa ta, su kuwa Gbagyi su ke kiran kansu. Malamin da ke karantar da littafin nan a Unguwar Shanu, mai yiwuwa ne akwai jikokinsu a ajinsa, suna jin ana ce wa maganar da ba ta fita sosai gwaranci. Ya kamata ya tsai da ɗalibai a kan labarin harin, ya tambaye su: bayin nan, ina uwayensu, su kuwa wa ya bi sawunsu?