Zanen da ya yi kwantai: abin da tarihin Grande Jatte ke koya wa masu baje koli

Duk ƙungiyar al'adun da ta taɓa tara masu zane da yawa a zaure ɗaya don baje kolin ayyukansu ta san wannan gardama. Ana saura kwana kaɗan a buɗe ƙofa, sai wani ya iso da zanen da ya riga ya nuna bara, wanda aka kalla aka yaba, aka wuce ba wanda ya sa hannu aljihu. Nan take kwamiti ya rabu biyu. Wasu su ce ai wannan ɗumame ne, ba a tarbar baƙo da shi. Wasu kuma su ce mai zane ya zuba kuɗin fenti da na ƙyalle da watannin aiki, bai kamata a yanke wa zanensa zaman ɗaka don kasuwar farko ta ƙi shi ba. Kowane ɓangare yana da hujja, sai dai dukansu awon ƴan kasuwa suka ɗauko: abin da aka saya ya yi nasara, abin da ya kwana ya yi kwantai. Tarihin wani zane guda na ƙasar Faransa ya isa ya nuna inda wannan awo ya gaza, ya kuma bayyana sharaɗin da ke sa maimaita nuni ya yi amfani.

Zanen shi ne Un dimanche après-midi à l'île de la Grande Jatte, wato yammacin wata Lahadi a tsibirin Grande Jatte da ke cikin kogin Sen, kusa da birnin Faris. Georges Seurat, wanda aka haifa a 1859, ya fara shi a 1884, ya kammala a 1886. Tsayinsa ya kai mita 2, faɗinsa mita 3. A cikinsa mutane fiye da arba'in suna shan iska a bakin ruwa: wata mata riƙe da laima tana jan biri da igiya, wani mutum kishingiɗe yana zuƙar lofe, wata tana kamun kifi, ga kuma ƴar yarinya cikin fararen kaya a tsakiya, tana fuskantar mai kallo. Kusan duka a sandare suke, kamar an ce kowa ya tsaya inda yake. Seurat bai dogara ga cuɗa launuka kafin shafawa ba. Jera su ya yi ƙanana-ƙanana, ɗigo kusa da ɗigo, ya bar wa idon mai kallo aikin haɗa su daga nesa. Saboda haka zane ne da ke buƙatar fili, da haske, da mai kallo mai haƙuri.

A nunin farko bai samu waɗannan yadda ya kamata ba. An rataye shi a watan Mayu na 1886, a baje koli na takwas kuma na ƙarshe na masu zanen da ake kira Impressionnistes. Ƙungiyar ta riga ta dare: Monet da Renoir da Sisley ba su halarta ba. Camille Pissarro ne ya dage sai an karɓi Seurat da abokinsa Paul Signac, aka kuma ware su a ɗakin ƙarshe tare da shi Pissarro da ɗansa Lucien. Ɗakin ya yi wa zanen ƙunci. Masu kallo da yawa dariya suka yi wa birin da sandararrun mutanen, masu tarke kuwa suka kamanta su da mutum-mutumin katako. Da a ce an bi ƙa'idar nuni sau ɗaya, da nan labari ya ƙare, an naɗe ƙyalle an jingine.

Bayan wata uku kacal, daga Agusta zuwa Satumba na wannan shekara, Seurat ya sake kai zanen baje kolin ƙungiyar Indépendants, wadda aka kafa a 1884 bisa sharaɗin ba alƙalai ba kyauta. Gari ɗaya ne, zane ɗaya ne, amma maƙwabtansa na bango sun canza. A can baya bare ne da aka raɓa a gidan wasu. A nan kuwa shi ne uban tafiyar samarin da ke bin hanyarsa. A kan wannan nuni na biyu ne mai tarke Félix Fénéon ya rubuta sharhin da ya raɗa wa salon suna néo-impressionnisme, a mujallar L'Art moderne ta birnin Burusel, cikin Satumba 1886. Abin da aka ɗauka shirmen mutum ɗaya a watan Mayu ya zama mazhaba mai suna kafin ƙarshen shekara.

Nuni na uku ya ƙetare iyaka. Ƙungiyar masu zane ta Beljiyam da ake kira Les XX, wato su Ashirin, wadda Octave Maus ke wa sakatare, ta gayyaci Seurat zuwa Burusel a Fabrairu 1887. A can ma an yi ta cece-kuce, amma wasu masu zane na ƙasar, irin su Théo Van Rysselberghe da Willy Finch da Henry Van de Velde, sun rungumi aikin ɗigo bayan haka. Babban zanen ya komo gida ba mai saye. Seurat ya ci gaba da taɓa shi: wajen 1888 zuwa 1889 ya ƙara masa gefe na ɗige-ɗigen ja da ruwan lemo da shuɗi. Ya rasu a 1891 yana da shekara 31, zanen na hannunsa. Sai a 1900 aka sayar da shi faran 800. A 1924 wani Ba'amurke, Frederic Bartlett, ya saye shi, kuma tun 1926 yake gidan zane-zane na birnin Shikago, inda ake tururuwa daga ko'ina don ganin sa.

Bai kamata a fitar da darasi mai arha daga wannan labari ba, a ce duk zanen da ya yi kwantai taska ce da mutane suka kasa ganewa. Yawancin abin da ba a saya ba, ba Grande Jatte ba ne. Darasin ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi amfani. A kowane nuni daga cikin ukun akwai abin da ya sauya: ko idon da ke kallo, ko zanukan da ke kewaye, ko garin da aka je. Baje kolin taro tamkar zaman fada ne, inda maganar mutum ke ɗaukar ma'ana daga abin da na kusa da shi ya faɗa. Zanen kasuwar dabbobi da aka rataye tsakanin hotunan sarakuna labari ɗaya yake bayarwa. A mai da shi cikin baje kolin da jigonsa fari da kaurar makiyaya, sai ya buɗe wani bakin. Don haka tambayar da ta dace kwamiti ya yi ita ce: me wannan zane zai faɗa a wannan zaure da bai faɗa a wancan ba?

Masu ƙin ɗumame suna da gaskiya a wuri uku. Na farko, in masu kallo su ne dai na bara, zaure shi ne na bara, jigo kuma babu, to dawo da zane cika bango ne kawai, kuma yana cinye gurbin wani matashi da bai taɓa samun ƙusa ko ɗaya ba. Na biyu, akwai masu goge shekarar da ke kan aiki ko su sauya masa suna don a zaci sabo ne. Wannan algus ne, kuma ranar da aka gane, duk abokan baje kolin ne ke biyan kuɗin kunya. Na uku, yawo yana cin zane. Shi kansa Grande Jatte, wani rawayan launi da Seurat ya yi amfani da shi ya dushe ya koma ƙasa-ƙasa cikin ƴan shekaru. Da aka ba da aronsa zuwa birnin Niyu Yok a 1958, gobara ta tashi a gidan da ake nuna shi; ya tsira, amma tun daga lokacin bai sake fita Shikago ba. Ƙyallen da za a ɗaura saman mota cikin ƙurar hunturu da zafin bazara ya fi wannan shiga haɗari.

Duk da haka, in akwai ƙasar da maimaita nuni ya fi dacewa da ita, Nijar ce. Masu sayen zane kaɗan ne, kuma mafi yawansu a Yamai suke. Tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne. Zanen da aka rataye mako biyu a babban birni, ɗalibin Maraɗi ko Tawa ko Tasawa bai gan shi ba, balle ya gundure shi. A wurin wannan ɗalibi sabo ne fil. Manomi ma da bai sayar da wakensa a kasuwar wannan mako ba, ba ya zubar da shi. Gaba yake yi zuwa kasuwar wani gari. Gidajen matasa da al'adu na jihohi, da zaurukan makarantun sakandare, suna da bangon da ke zaune fayau yawancin shekara, alhali ayyuka na jingine a ɗakunan masu su suna shan ƙura.

Abin da ya rage shi ne a yi abin a fili. Kowane zane ya zo da ƴar takardar da ke ɗauke da shekarar da aka yi shi da wuraren da aka taɓa nuna shi, domin wannan jeri daraja ce gare shi, kamar yadda manyan gidajen zane ke rubuta ta da alfahari. A sanar tun cikin takardar gayyata adadin tsofaffin ayyukan da kowa zai iya kawowa, a haɗa su da sababbi, don mai kallo ya ga inda hannun mai zane ya taso da inda ya dosa. A kuma bar farashi ya tsaya da ƙafarsa, kada a riƙa karya shi duk nuni har masu saye su koyi jiran ragi. Ƙungiyar da ta kiyaye waɗannan ba ta da dalilin korar mai zane don ya komo da aikin bara. Ta karɓa, ta nema masa maƙwabtan da suka dace da shi a bango, ta kuma bar isasshen fili a gabansa don mai kallo ya iya ja da baya ya duba da kyau.