A Daina Ɗora wa Tubali Laifin Ambaliya

Tun ambaliyar watan Satumba na 2010, da ruwan Rima ya fi ƙarfin madatsar Goronyo ya cinye ƙauyuka, ake ta nanata hukunci ɗaya: ginin ƙasa ginin talauci ne, kowa ya koma bulo da kwano. Ban yarda ba. Gaskiya ne ƙasa ba ta jure kwanciyar ruwa, kuma ba maginin da ya taɓa cewa tana jurewa. Shi ya sa mutanen dā suka hau tudu da gidajensu, suka bar wa fadama noma. Dubi inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno, garin da ya rasu a 1837 aka kuma binne shi. Madatsar kuwa daga baya ta zo, sai 1984 aka kammala ta.

Ni abin da ke riƙe mini ido a ɗan ƙaramin gidan ƙauye tsakanin Wurno da Rabah, mai zaure ɗaya da ɗaki biyu da rumbu, shi ne tubalin kansa. Ba a zuba shi a ma'auni. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a tattaka, a bar ta ta kwana ta jiƙu, sannan a mulmula da hannu: gindi faffaɗa, kai tsuke, kamar ƙwai. Rana ce ke gasa shi. Wajen gini, magini na zaune bisa bango, yaro na cilla masa daga ƙasa, yana cafewa yana dasawa, gindi ƙasa kai sama, ya maka taɓo a tsakani. Tsukewar kan nan ita ce hikimar, domin ita ke buɗe gurbin da taɓo zai shiga ya rungume kowane tubali ta kowace fuska, har bango ya zama jiki ɗaya. A gindi ana jera sahu uku ko huɗu, ana ragewa yayin da ake hawa, nauyi ya zauna inda ya dace. Kaurin nan ne ke tare zafin bazara, ka shiga zaure da azahar ka ji sanyi, da dare kuma lokacin hunturu bangon ya dawo maka da ɗumin da ya sha. Bulo mai rami a ƙarƙashin kwano ba zai yi maka wannan ba.

Rufin azara ma na da dokarsa. Giginyar da ake yin azarar da ita gara ba ta cin ta da sauƙi, amma in aka miƙa ta fiye da kimanin mita biyu ba madogari sai ta lanƙwasa. Don haka ɗakunan suke ƙanana, ba don rowa ba.

Masu cewa gyaran kowace shekara aibi ne sun ɓata lissafi. Yaɓe kafin damina, da makuba ta kwasfar ɗorawa, da duba indararo kada ya zubar da ruwa a gindin bango, duk cikin ginin suke, ba ƙari ba ne. A ganina abin da ke kashe gidajen nan shi ne ƙarewar masu yaɓen. Samari sun tafi cin rani birni, 'ya'yan magina sun koma dakon siminti, giginya ta yi wuya. Duk hukumar da ke son taimakon ƙauyukan Goronyo, ta ba su fili a tudu, ta sa dutse a harsashi, ta dasa giginya, ta kuma biya tsofaffin magina su koyar da yara tun suna da ƙarfin hawa bango.