Jinjina ga Mutumin Ɗakin Majigi

Ƙarfe bakwai za a saka fim, amma majigin dijital ya shafe minti ashirin yana jan ƙafa. Mu a ƙasa muna cin gugguru muna tsaki. Shi kuwa mutumin ɗakin majigi can sama ko gezau.

Ya fara da faifan ajiya. Jiya wuta ta ɗauke ba sallama, shi ya sa sabar ta tsaya tana duba kanta, faifai bayan faifai, kuma wannan ba a yi mata gaggawa. Ya zaro matatar iska, ƙurar hunturu ta yi mata ƙunshi, ya kakkaɓe. Sai agogon na'ura, wanda in ya kauce, mabuɗin KDM ba zai buɗe fim ba ko za ka yi kuka.

Haske ya faɗa kan allo. Sannu da aiki, maigida, ko sunanka ba mu tambaya ba.