Muƙaddimar Ibnu Khaldun a Hannun Sassan Jami'a: Nazari da Sharhi

Gabatarwa

Littattafai kaɗan ne na magabata suka sami shiga manhajar jami'o'in zamani kamar Muƙaddimar Abdurrahman Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 732H (1332M), ya rasu a Alƙahira a 808H (1406M) bayan ya riƙe alƙalancin Malikiyya a can. Ya rubuta ta a Ƙal'atu Ibni Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, a 779H (1377M), a matsayin shimfiɗa ga babban littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar. A yau sashen Tarihi yana karantar da farkonta, sashen Tattalin Arziki yana ɗaukar babin sana'o'i da haraji, sashen Larabci kuma yana tsayawa a kan fasulan harshe da adabi. Wannan maƙala tana ganin cewa wannan rabo ya ɓatar da babban darasin littafin, wato cewa ɗayan waɗannan fannoni ba ya tsayuwa sai da sauran.

Ma'aunin labari

Ibnu Khaldun ya fara da tambayar da ta shafi kowane ɗalibin hadisi da sira: da me ake gane labarin gaskiya? Bai raina ilimin jarhu da ta'adili ba. Ya nuna cewa shi ne abin dogaro a labaran shari'a, domin galibinsu umarni ne da hani waɗanda aiki da su yake wajaba da zarar amincin maruwaita ya tabbata. Amma labarin abin da ya auku, kamar yaƙi ko yawan dukiyar sarki, yana buƙatar wani mataki kafin a duba maruwaita: shin abin zai iya aukuwa bisa ɗabi'ar zaman jama'a?

Misalinsa na farko shi ne ruwayar Mas'udi da wasu cewa mayaƙan Bani Isra'ila tare da Annabi Musa (AS) sun kai 600,000. Ya auna ta da girman ƙasar da za ta ɗauki nauyinsu, da faɗin filin da za su yi sahu, da rundunar Farisa a Ƙadisiyya wadda aka ruwaito 120,000 ce duk da ƙarfin daularsu, da kuma ƙarancin kakannin da ke tsakanin Musa da Yaƙubu (AS). Mai lura zai ga cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan hujjoji da ya fito daga littafin tarihi kaɗai. Lissafi ne da sanin ƙasa da sanin abin da dukiyar daula take iya ciyarwa. Ɗalibin da bai iya ƙidaya ba zai haɗiye ruwayar yadda ta zo.

Haka abin yake a bayaninsa na tattalin arziki. Ra'ayinsa cewa riba ƙimar aikin ɗan Adam ce, da cewa daula takan fara da haraji mai sauƙi tana tara kuɗi masu yawa, ta ƙare da haraji mai nauyi tana tara kaɗan, da cewa shigar sarki kasuwanci tana cutar da talakawa, duk ya kawo su ne domin bayyana dalilin tashin dauloli da faɗuwarsu. Idan aka tsame su aka mayar da su ƙa'idojin jarrabawa, sai su zama kamar reshen da aka sare daga bishiya.

Adabi da ilimomin hankali

A babi na shida ya kasa ilimi gida biyu: na naƙali, wanda tushensa wahayi ne, da na hankali, wanda al'ummomi suka yi tarayya a cikinsa. Ya sanya lugga da nahawu da bayani da adabi a matsayin rukunan harshen Larabci waɗanda malamin shari'a ba ya wadatuwa daga gare su. Ya kuma ambata daga malamansa cewa jigon adabi littattafai huɗu ne: Adabul Katib na Ibnu Ƙutaiba, da Al-Kamil na Mubarrad, da Al-Bayan wat-Tabyin na Jahiz, da An-Nawadir na Abu Aliyu al-Ƙali. A wurinsa ƙwarewar harshe tana samuwa ne ta yawan haddace magana mai kyau da aiki da ita, domin mutum yana iya sanin dokokin li'irabi ya kasa rubuta wasiƙa. Ya yaba wa handasa da lissafi saboda suna horar da hankali, ya kuma danganta lissafi da ilimin rabon gado.

Wata magana tasa tana kama da tana warware abin da ya gabata, inda ya hana a haɗa wa mai koyo fannoni biyu a lokaci guda. Sai dai wannan magana ce a kan tsari da jeri. Abin da ya nema shi ne a bi fanni sau uku, daga dunƙule zuwa bayani zuwa warware masu wuya, sannan a wuce zuwa wani. Ya soki taƙaitattun matanoni da tsananta wa ɗalibai, kuma wannan suka ta dace da takardun darasi da ake haddacewa a daren jarrabawa.

Inda littafin ya gaza

Girmama marubuci ba ya hana a auna shi da ma'auninsa. A ƙissar Abbasa, 'yar'uwar Haruna Rashid, da Ja'afar Barmaki, ya ƙaryata labarin da hujjar darajarta da kusancinta da Ibnu Abbas (RA). Wannan kyautata zato ne, ba ma'aunin zamantakewa ba, ko da yake daga baya ya kawo dalili mai ƙarfi, wato mamaye mulki da dukiya da Baramika suka yi kafin faɗuwarsu a 187H (803M).

Na biyu, a fasalin raddinsa ga falsafa ya ba da shawarar barin mas'alolin ilimin ɗabi'a, bisa cewa ba su shafi addini ko rayuwa ba. Ƙarnonin da suka biyo baya sun nuna akasin haka, domin a kan irin waɗannan mas'aloli aka gina likitanci da noma da masana'antu na yau. Kafin shi ma Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya.

Na uku, ya jingina halayen baƙaƙen mutane ga zafin ƙasarsu, bisa tsohon rabon duniya zuwa yankuna bakwai da aka gada daga Yunanawa. Ya yi haka alhali shi ne ya adana jerin sarakunan Mali a Kitabul Ibar, tare da labarin mulkinsu da hajjinsu. Ɗalibin Afirka ta Yamma yana da haƙƙin ya amfana da ruwayar, ya kuma mayar da hukuncin, domin bai tsallake ma'aunin da marubucin ya kafa da kansa ba.

Kammalawa

Abin tsoro shi ne jami'a ta yaye malamin addini da yake karɓar kowace ƙissa muddin tana cikin littafin Larabci, ta kuma yaye masanin tattalin arziki da bai san hukuncin riba ko tarihin kasuwar garinsu ba. Dukansu za su hau mumbari ko kujerar shawara, jama'a kuma za su yi aiki da maganarsu. Maganin farko mai sauƙi ne: a karantar da Muƙaddima sukutum, a darasi guda da malaman sassan za su yi tarayya a cikinsa, a kuma koya wa ɗalibi ya tuhumi marubucin kamar yadda shi ya tuhumi Mas'udi. Allah ne Mafi sani.